Ƙarin ruwa ga yara lokacin tiyata: Dalilin da ya sa likitoci suka sauya ruwan da aka yi shekara 50 ana amfani da shi

A kusan kowane ɗakin kwantar da yara a asibitocin Najeriya, abin da ido ke fara gani shi ne ledar ruwa rataye a jikin ƙarfe, da siririyar roba da ta sauko zuwa hannun yaro. Iyaye da yawa kan samu natsuwa da zarar sun ji an ce "an sa masa ruwa", domin a ganinsu alama ce ta cewa magani ya kankama.

Ledojin sun yi kama da juna, ruwan da ke cikinsu kuma duk fari ne tas. Sai dai abin da aka narka a ciki ya bambanta ƙwarai. Ga yaron da za a yi wa tiyata, irin ruwan da aka zaɓa, da yawansa, da saurin shigarsa jijiya, na iya zama abin da zai raba tsakanin komawa gida lafiya da kumburin ƙwaƙwalwa.

Wannan ne ya sa manyan hukumomin lafiya na ƙasashe da dama suka sauya ƙa'idar ƙara wa yara ruwa a cikin shekaru ashirin da suka gabata. Ruwa mai ƙarancin gishiri, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ya fi dacewa da yara, yanzu an tabbatar yana da haɗari, musamman a lokacin tiyata da bayanta.

Abin da ya sa yaro ke buƙatar ƙarin ruwa

Likitan sa barci, wanda shi ke da alhakin ruwan da ake ba majinyaci a ɗakin tiyata, yana ƙoƙarin biyan buƙatu uku ne.

Ta farko ita ce buƙatar yau da kullum, wato ruwan da jiki ke rasawa ta fitsari da gumi da numfashi ko da mutum na kwance. Ta biyu ita ce giɓin da yaron ya zo da shi, sakamakon amai ko gudawa ko zazzaɓi ko kuma hana shi ci da sha kafin aiki. Ta uku ita ce abin da ke zuba yayin aikin, kamar jini da ruwan da ke ƙafewa daga buɗaɗɗen ciki.

Jikin yaro ba ya jure kuskure a wannan lissafi kamar jikin babba. Kimanin kashi 75 cikin 100 na nauyin jariri sabon haihuwa ruwa ne, alhali na babban mutum kusan kashi 60 ne. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, saboda haka ba ta iya riƙe gishiri ko fitar da rarar ruwa yadda ya kamata.

Jinin da ke jikinsa ma kaɗan ne. Jariri yana da mililita 80 zuwa 90 na jini a kowane kilo na nauyinsa. Ma'ana, duk jinin jariri mai kilo 3 bai fi mililita 270 ba, wato ɗan abin da ya haura rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi. Idan ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 ta zube masa a jijiya cikin ƙanƙanin lokaci, an ba shi kusan ninki biyu na jininsa ke nan.

Ire-iren ruwan da ake da su

Babban abin da ke bambanta ruwan asibiti shi ne yawan sinadarin sodiyam, wanda shi ne jigon gishiri. A jinin mai lafiya, sodiyam yana tsakanin milimol 135 da 145 a kowace lita, bisa ma'aunin da ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Da wannan adadi ake auna kowane ruwa.

Akwai ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, wanda ma'aikatan jinya ke kira nomal salayin. Yana ɗauke da sodiyam milimol 154 da kuloraid milimol 154 a lita.

Akwai ruwan Ringer, wanda aka fi sani da Ringa laktet ko ruwan Hartmann. Sodiyam ɗinsa kusan milimol 130 ne, kuma yana da ɗan fotasiyam da kalsiyam da laktet, wanda hanta ke sarrafawa ya rage tsamin jini. Masanin Birtaniya Sydney Ringer ne ya haɗa shi a farkon shekarun 1880, sannan likitan yara ɗan Amurka Alexis Hartmann ya ƙara masa laktet a shekarun 1930 domin jinyar yara.

Waɗannan biyu su ake kira ruwa mai daidaiton gishiri, domin gishirinsu ya yi kusa da na jini.

A ɗaya ɓangaren akwai masu ƙarancin gishiri. Ruwan gishiri mai kashi 0.45 yana da sodiyam milimol 77, wato rabin na nomal salayin. Mai kashi 0.18, wanda ake haɗawa da sukari kashi 4 ko 4.3, yana da milimol 30 kacal. Wannan shi ne ruwan da aka daɗe ana ɗauka a matsayin "ruwan yara" a Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarin koyar da likitancinta, har da Najeriya. Sai kuma ruwan sukari zalla mai kashi 5, wanda babu gishiri a cikinsa ko kaɗan.

Sukarin da ke cikin irin waɗannan ledoji ba ya daɗewa a jini, domin jiki na ƙona shi nan da nan. Abin da ke saura shi ne ruwa tsantsa, wanda ke tsinka gishirin jini.

Lissafin 1957

Tushen tsohuwar ƙa'idar wata maƙala ce da likitocin yara biyu na Amurka, Malcolm Holliday da William Segar, suka wallafa a mujallar Pediatrics a 1957. Sun danganta buƙatar ruwa da yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa, suka fitar da lissafi mai sauƙin haddacewa: mililita 100 a kowane kilo a rana ga kilo 10 na farko, mililita 50 ga kowane kilo na goma ta biyu, sannan mililita 20 ga kowane kilo da ya haura 20.

A ɗakin tiyata an mayar da shi lissafin sa'a, wanda ake kira 4-2-1. Yaro mai kilo 8 zai samu mililita 32 a sa'a. Mai kilo 25 zai samu 40 na kilo goman farko, da 20 na goma ta biyu, da 5 na ragowar kilo biyar, jimilla mililita 65 a sa'a.

Har yau ana amfani da wannan lissafi wajen ƙiyasta yawan ruwa. Inda aka samu tangarɗa shi ne ɓangaren gishiri. Marubutan sun ƙiyasta buƙatar sodiyam a kusan milimol 3 ga kowane mililita 100 na ruwa, bisa la'akari da abin da yaro mai lafiya ke samu a nono da madara. Idan aka narka wannan adadi, abin da ake samu shi ne ruwa mai kusan kashi 0.18 na gishiri.

Lissafin ya dace da yaron da ƙodarsa ke fitar da duk rarar ruwan da ya sha. Yaron da ke kan gadon tiyata ba ya cikin wannan hali.

Yadda tiyata ke sauya aikin ƙoda

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƙaramar halitta da ke fitar da sinadarin da likitoci ke taƙaita sunansa da ADH. Aikinsa shi ne umartar ƙoda ta riƙe ruwa, ta rage fitsari. A al'ada jiki na fitar da shi ne idan mutum ya ji ƙishirwa ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Amma zafin ciwo, da tashin zuciya, da amai, da tsoro, da zubar jini, da wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi, duk suna sa jiki ya fitar da wannan sinadari ko da babu ƙishirwa. Yaron da aka yi wa tiyata ya haɗa kusan dukkansu, kuma halin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa kwanaki kaɗan bayan aikin.

Idan a wannan lokaci aka ci gaba da ɗura masa ruwa mai ƙarancin gishiri, ƙoda ba za ta fitar da rarar ba. Ruwan zai taru, sodiyam na jini ya faɗi ƙasa da 135. Ɗabi'ar ruwa ce ya bi inda gishiri ya fi yawa, saboda haka sai ya bar jini ya shiga ƙwayoyin halittar jiki, su kumbura.

Tsoka da fata suna da sararin kumbura, amma ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai ne wanda ba ya buɗewa. A nan ma yara sun fi manya shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwar yaro kan kai kusan girman ta babba tun yana ɗan shekara shida, alhali ƙoƙon kai sai wajen shekara 16 yake gama girma. Sararin da ke tsakani kaɗan ne.

Alamomin farko ba su da ban tsoro: ciwon kai, amai, kasala, yawan barci ko rigima. Abin takaicin shi ne duk waɗannan an saba ganinsu bayan maganin barci, don haka sukan wuce ba a ankara ba. Daga nan sai ruɗewa, sai jijjiga, sai tsayawar numfashi.

Mace-macen da suka tilasta sauyi

A 1992, Allen Arieff da abokan aikinsa sun wallafa rahoto a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ kan yara 16 waɗanda suke da ƙoshin lafiya kafin a kwantar da su, galibi domin ƙananan ayyuka, suka samu faɗuwar sodiyam bayan an ba su ruwa mai ƙarancin gishiri. Abin ya ƙare da mutuwa ko lalacewar ƙwaƙwalwa ta dindindin.

A 2003, Michael Moritz da Juan Carlos Ayus sun tattara rahotannin fiye da yara 50 da suka mutu ko suka samu illa a ƙwaƙwalwa ta wannan hanya, suka yi kira da a koma amfani da ruwa mai daidaiton gishiri. Kiran ya gamu da jayayya daga likitocin da ke fargabar cewa gishirin zai yi wa yara yawa.

A watan Maris na 2007, hukumar da ke kula da kare lafiyar majinyata a Ingila da Wales ta ba da umarnin kwashe ruwa mai kashi 0.18 daga ɗakunan kwantar da yara na gama-gari, bayan rahoton mutuwar yara huɗu tun daga shekarar 2000. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta hana amfani da shi ga yara, in ban da a sassa na musamman ƙarƙashin kulawar ƙwararru.

A Arewacin Ireland, gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 2004 ƙarƙashin John O'Hara kan mutuwar wasu yara a asibitoci. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce 'yar shekara tara da ta rasu a 2001 bayan an cire mata afendis. Rahoton, wanda ya fito a watan Janairun 2018, ya duba mutuwar yara biyar, ya kuma gano cewa huɗu daga ciki da an iya kauce musu. Ya ba da shawarwari 96, ciki har da wajabta wa ma'aikatan lafiya faɗa wa iyaye gaskiya idan an yi kuskure.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga gwaji. A wani bincike da aka gudanar a asibitin yara na Melbourne da ke Ostireliya, aka wallafa a mujallar The Lancet a 2015, an raba yara 690 gida biyu. An ba rukuni ɗaya ruwa mai sodiyam milimol 140, ɗayan kuma mai milimol 77. Kashi 4 cikin 100 na rukunin farko ne suka samu faɗuwar sodiyam, a rukuni na biyu kuwa kashi 11. Fargabar da ake yi ta hauhawar gishiri ba ta tabbata ba.

Ƙa'idar da ake bi yanzu

A watan Disambar 2015, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da jagora da ke cewa a fara ba yara ruwa mai sodiyam tsakanin milimol 131 da 154 a lita domin buƙatar yau da kullum. Ta kuma ce a auna gishiri da sukarin jini lokacin fara ƙarin ruwan, sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya a kowace sa'a 24. Inda ake fargabar jiki na riƙe ruwa, kamar bayan tiyata, jagorar ta ba da damar rage yawan ruwan zuwa kashi 50 zuwa 80 na abin da lissafi ya bayar.

A 2018 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bi sahu, inda ta ba da shawarar ruwa mai daidaiton gishiri ga yara daga kwana 28 zuwa shekara 18, tare da fotasiyam da sukari gwargwadon buƙata.

Jarirai sabbin haihuwa suna da nasu tsari. A ranar farko ana ba su mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo, ana ƙarawa a hankali har zuwa 120 zuwa 150 daga rana ta biyar, kuma ruwansu na buƙatar sukari mai yawa, kashi 5 zuwa 10.

Idan kuwa faɗuwar sodiyam ta riga ta kai ga jijjiga ko suma, maganin shi ne ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 2.7 ko 3 cikin 100, wanda ake bayarwa kaɗan bisa nauyin yaro cikin gaggawa. Rage ruwa kaɗai ba ya wadatarwa a wannan mataki.

Batun sukari

Wani dalilin da ya sa tsohon ruwan ya samu karɓuwa shi ne sukarin da ke cikinsa. An daɗe ana tsoron kada sukarin jinin yaro ya faɗi yana cikin barcin tiyata, lokacin da ba zai iya nuna alama ba, abin da kan lalata ƙwaƙwalwa.

Bincike ya nuna cewa faɗuwar sukari ba ta cika faruwa ga yaro mai lafiya da ya wuce jarirantaka ba, domin wahalar tiyata da kanta na ɗaga sukarin jini. Idan aka ba shi ruwa mai sukari kashi 5 da saurin da tiyata ke buƙata, sukarin kan yi yawa, ya jawo yawan fitsari da asarar ruwa da gishiri.

Saboda haka aka nemi tsaka-tsaki. Wata matsaya da ƙwararrun Turai suka fitar a 2011 ta ba da shawarar ruwa mai daidaiton gishiri da sukari kashi 1 zuwa 2.5 kacal yayin tiyata. A Jamus da Faransa ana samun irin wannan ruwa a haɗe daga masana'anta. Inda babu shi, likitocin sa barci kan haɗa da kansu: mililita 10 na ruwan sukari mai kashi 50 a cikin ledar Ringer mai mililita 500 na ba da kusan kashi 1.

Waɗanda ba a wasa da sukarinsu su ne jarirai, da bakwaini, da yara masu tamowa, da masu ciwon hanta, da waɗanda suka daɗe ba su ci ba. Ga irinsu ana auna sukari da ɗigon jini daga yatsa ko diddige kafin aiki da lokacin da ake yinsa.

Tsakanin nomal salayin da ruwan Ringer

Ko a cikin ruwa masu daidaiton gishiri akwai zaɓi. Kuloraid ɗin da ke cikin nomal salayin ya zarce na jini sosai, domin na jini bai cika wuce milimol 106 ba. Idan aka ba da shi da yawa, yakan sa jini ya yi tsami. Shi ya sa likitocin sa barci da dama suka fi son ruwan Ringer a manyan ayyuka.

Amma akwai inda nomal salayin ya fi dacewa. Misali shi ne jaririn da ƙofar fita daga tumbinsa ta toshe, wanda yawanci kan fara feshin amai tsakanin mako biyu zuwa takwas da haihuwa. Irin wannan jariri ya zubar da kuloraid mai yawa ta amai. Ba a gaggauta yi masa aiki. Sai an gyara jininsa da nomal salayin da sukari da fotasiyam, ko da zai ɗauki kwana ɗaya ko biyu, domin in an sa shi barci kafin haka numfashinsa na iya tsayawa bayan aiki.

Haka ma yaron da ya samu rauni a ka, an fi ba shi nomal salayin, saboda gishirin ruwan Ringer ya ɗan gaza na jini, kuma ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta jure ko ɗan ƙarin kumburi.

Idan jini ya zuba da yawa kuwa, babu ruwan da ke maye gurbinsa, domin ruwa ba ya ɗaukar iskar oksijin. A nan ƙarin jini ne mafita.

Yawa da sauri

Afirka ta ba duniya darasi kan saurin ƙarin ruwa. A binciken da ake kira FEAST, wanda Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a Kenya da Uganda da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, an duba yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da raunin zagayawar jini. Cikin sa'a 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa haka ba.

Binciken bai haɗa da yaran tiyata ko masu ƙuna ko masu gudawa ba, don haka ba ya nufin a hana ruwa ga yaron da ya rasa ruwa ko jini. Abin da ya koyar shi ne cewa ruwa na iya kisa idan ya wuce buƙata. Ƙa'idar yanzu ita ce a ba da mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo, a tsaya a duba bugun zuciya da numfashi da ɗumin hannu da ƙafa da yawan fitsari, kafin a yanke shawarar ƙarawa.

Kayan aiki ma na da tasiri. Na'urar tura ruwa mai aiki da lantarki ita ta fi daidaito. Inda babu ita, ana amfani da robar yara mai ɗan kwalba da ake aunawa, wadda ke ɗaukar mililita 100 zuwa 150, ta yadda ko ruwan ya kuɓuce ba zai wuce abin da ke cikin kwalbar ba. A irin wannan roba ɗigo 60 ne mililita ɗaya, saboda haka adadin ɗigo a minti shi ne adadin mililita a sa'a. Robar manya kuwa ɗigo 20 ne mililita ɗaya, wato kowane ɗigo ya ninka na yara sau uku.

Ga yaro mai kilo 8 da ke buƙatar mililita 32 a sa'a, leda guda mai mililita 500 ya kamata ta kai kusan sa'a 15.

Halin da ake ciki a Najeriya

Wani babban bincike kan sakamakon tiyatar yara a Afirka, wanda The Lancet ta wallafa a 2024, ya bibiyi yara fiye da 8,600 a ƙasashe 31. Kimanin kashi 18 cikin 100 sun samu matsala bayan aiki, kashi 2.3 kuma sun rasu, adadin da ya ninka na ƙasashe masu arziki sau da yawa.

Yaran da ke zuwa tiyatar gaggawa a Najeriya sau da yawa kan iso ne bayan kwanaki ana fama a gida ko a kemis. Hujewar hanji sakamakon zazzaɓin taifod, da shigewar hanji cikin hanji ga jarirai, da fashewar afendis, duk suna zuwa da bushewar jiki da rikicewar gishirin jini. Ga irin wannan yaro, sa'o'in da ake ɗauka ana ƙara masa ruwan Ringer ko nomal salayin, ana auna fitsarinsa, ana gyara fotasiyam, wani ɓangare ne na aikin. Iyaye kan ɗauka jinkiri ne, alhali sa yaron barci kafin a cike giɓin na iya tsayar da zuciyarsa.

Rukuni biyu na buƙatar taka-tsantsan na musamman. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila. Bushewar jiki na tayar musu da ciwo, yawan ruwa kuma na cika musu huhu. Su ma yara masu tamowa mai tsanani zuciyarsu ba ta da ƙarfi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita ƙara musu ruwa ta jijiya sai a halin tsananin buƙata, kuma a hankali.

Sauya ruwan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Nomal salayin da ruwan Ringer suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana sarrafa su a cikin gida, kuma ana samunsu a mafi yawan kantunan magani. Abin da ya fi wuya shi ne gwajin gishirin jini a kan kari, da robar yara mai awo, da isassun ma'aikatan jinya da za su riƙa duba ɗigon ruwa cikin dare. Inda ba a iya yin gwaji kullum, zaɓar ruwa mai daidaiton gishiri ya ƙara zama wajibi, domin babu abin da zai nuna cewa sodiyam na faɗuwa sai alamomin sun bayyana.

Rage tsawon hana ci da sha

Hanya mafi sauƙi ta rage dogaro da ƙarin ruwa ita ce kada a bar yaro da ƙishirwa fiye da kima. Tsohuwar al'adar hana komai daga sha biyun dare kan sa yaron da aka yi wa aiki da azahar ya shafe fiye da sa'a 12 bai sa komai a baki ba.

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce sa'a 6 ga abinci da madarar gwangwani, sa'a 4 ga nonon uwa, sa'a 2 ga ruwa mai garau. A 2022 ƙungiyar likitocin sa barci ta Turai ta sassauta ta zuwa sa'a 1 ga ruwa mai garau da sa'a 3 ga nono. Kunu da koko da fura da shayi mai madara duk a sahun abinci suke. Kowane asibiti na da tsarinsa, kuma umarnin likitan sa barci shi ne abin bi, musamman ga yaron da hanjinsa ya toshe, wanda ba a ba shi komai ta baki.

Bayan aiki ma, da zarar yaro ya iya sha ba tare da amai ba, ana so a cire ƙarin ruwan. Yawancin ƙananan ayyuka, kamar gyaran ƙaba, ba sa buƙatar a ci gaba da shi bayan yaron ya farfaɗo ya sha.

Abin da ya rage ga iyaye

Zaɓar ruwa aikin likita ne, amma mai jinyar da ke zaune a gefen gado na da rawar takawa.

A tabbatar an ɗora yaro a sikeli kafin aiki, domin duk lissafin kan nauyinsa ya dogara. Idan an rubuta ruwan da za a sayo, a sayo shi daidai yadda aka rubuta, mai lambar rajistar NAFDAC, kada a karɓi wani a madadinsa don an ce duk ɗaya ne. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma ƙi ledar da ke yoyo ko wadda ruwanta ya gurɓace.

Kada mai jinya ya taɓa maɓallin da ke jikin robar don ruwan ya ƙare da wuri, kada kuma ya matsa wa ma'aikata su ƙara wata leda da tunanin tana ƙara ƙarfi. Idan leda ta ƙare da sauri fiye da yadda aka faɗa, ko hannun ya kumbura, a sanar nan take. A riƙa lura da yawan fitsarin yaro, domin ma'aikata za su tambaya.

Mafi muhimmanci, idan yaron da ke kan ƙarin ruwa ya fara kukan ciwon kai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko barcinsa ya yi nauyi har tashinsa na wuya, ko ya daina gane mutane, ko fuskarsa ta kumbura, ko numfashinsa ya sauya, kada a jira zagayen likita na safe. A kira ma'aikacin jinya a lokacin, a kuma nemi a auna gishiri da sukarin jininsa.